Hajo ba mayya ba ce

Salamu alaikum, malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Sunana Garba, tsohon wanzami daga ƙasar Kurfai.

Makon jiya na ji likita a shirinka na rediyo yana cewa cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi da ke gane junansu, su taru su toshe bakin rauni, kuma wani nasa ba su da yawa, jininsa ba ya tsayawa. Tun ranar abinci ya ƙi shiga bakina.

Ina saurayi, zamanin da Nasara ke kwasar mutane aikin hanya, maƙwabcina Arzika ya dawo da ciwon baya, na yi masa ƙaho. Mu wanzamai mun saba juye gudan jini gaban mutum, mu ce ga cutar ta fita. Na Arzika ya ƙi yin guda. Tsagar ta yi ta zuba kamar ruwa, washegari Arzika ya cika.

Dattawa sunka ce, "Garba, me ka yi masa?" Na ji tsoron a ce hannuna ya ɓaci, na ce, "Baba, jinin da mayya ta lasa ba ya tsayawa." Sai na dubi matarsa Hajo. Anka kore ta, ta koma garin Bonkuku, ta mutu da wanga suna.

Jikokinta na nan, har yau ana gudun aurensu. Jama'a, ku ba ni shawara, da wane ido zan shiga gidansu? Kafin nan, malam, faɗa da ƙarfi Bonkuku ta ji: Hajo ba mayya ba ce, ni Garba na yi ƙarya.