Hasumiyar da Na Karanta a Ƙofar Masallaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Mukhtar Madachi; wakilan iyayenmu hakimai; dagatai da masu unguwanni na ƙasar Rano da ƙasar Kibiya; limamai da alarammomi; 'yan kwamitin da suka rubuta daftarin wannan doka; injiniyan kamfani da ke zaune can gefe yana duba agogo; iyayenmu mata da ke bayan rumfa; manoma 'yan'uwana, da makiyaya maƙwabtanmu: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Ishiyaku, daga Tsamiyar Nata'ala a mazaɓar Fammar. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina godiya ga waɗanda suka shimfiɗa tabarmi, ina kuma godiya ga waɗanda suka baro gonakinsu a tsakiyar sharar gona suka zo. Wannan shi ne zama na goma sha ɗaya a kan magana ɗaya. Damina biyu ta same mu a kanta ta wuce ta bar mu. Na gaji, kun gaji, tabarmin nan ma sun gaji da mu.

Amma in kun ga bakina ya ƙi rufuwa, ku yi mini uzuri. Ranar Talata 'yata Juwairiyya, da ke aure a Rurum Sabon Gari, ta sauka lafiya bayan shekara tara tana jira. An samu 'ya mace. Ni Ishiyaku na zama kaka! Jiya na je na gano ta, na ɗauke ta da hannun nan, ta kama mini gemu kamar ta san ni ne angon. Alhamdu lillahi.

To, ranar Talata aka haife ta, ranar Alhamis na ji labari, a bakin wani mai sayen albasa da ya biyo ta garinmu. Mijinta Uzairu ya nuna mini wayarsa: kira goma sha tara, ko ɗaya bai shiga ba. Garinmu babu sabis sai a kan dutsen da ke bayan gari, wanda samari suka sa wa suna ofis. Kuma kun san al'ada, haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Da na aika a kawo ta goyon ciki, Uzairu ya zo da kansa ya durƙusa ya ce, "Baba, ba ƙi na yi ba. In naƙuda ta zo da gardama, da me za a kira mota?" Na haƙura na bar ta a can. Haka yarinyar nan ta kwana ta yini tana kiran uwarta, uwar tana gida tana tsince wake, ba ta sani ba.

Uwar kuwa, Hansatu, gwiwoyinta sun hana ta hawa babur, balle dutse. Har yanzu da nake magana ba ta ji kukan jikarta ba.

Jama'a, wa ya jawo wannan? An ce kamfani, an ce kwamiti, an ce 'yan siyasa. Yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ni ne.

Ga yadda aka yi, don masu sabon zuwa. Da aka kafa wani ƙarfen sabis a jikin katangar wani bawan Allah a wani gari, mu da kanmu muka nemi a dakatar da kafa sababbi har sai an yi doka a kan siffarsu, da launinsu, da inda za su tsaya. Kwamiti ya rubuta daftari da Turanci, aka fassara shi, aka aika kowane gari. Namu ya iso ranar Juma'a. Ni kuwa ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, na zauna a kan benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, na fito da takardar shaida wadda har yau tana rataye a zaure. Tun daga nan ba a buɗe wasiƙa a garinmu sai an nemo ni. Aka idar da salla, mai unguwa ya miƙo mini takarda, na gyara hula, na gyara murya, na karanta:

"Duk hasumiyar da za a gina, a shafa mata fenti ja da fari. A sa mata jar fitila a ka. A kewaye ta da waya. A nisanta ta da gidajen mutane. A kafa allo a gindinta mai cewa: haɗari, kada a hau."

Ku gaya mini, ɗan ƙasar nan da ke tsaye a ƙofar masallaci, a ce masa hasumiya, ina zai ɗaga kai ya duba? A lokacin muna tsakiyar ginin tamu, ta kai rabi. Ladaninmu Munzali ya miƙe ya ce, "Kada a hau? To in lasifika ta mutu, aljani ne zai gyara mini?" Wani dattijo ya ce, "Jar fitila a kan ɗakin Allah, sai ka ce gidan rawa!" Wuri ya ruɗe. Ni da kaina na ɗaga takardar na ce ba za mu yarda ba, kuma a zama na farko hannuna ne ya fara tashi a kan a yi watsi da ita.

Takardar shafi biyu ce. Na ɗaya na karanta. Na ninke ta na cusa a aljihun babbar riga, rigar ta shiga adaka. Sai da damina ta zagayo, Hansatu ta fito da kaya shan iska, na ci karo da takardar na warware ta. A shafi na biyu ga zanen ƙarfen sabis nan a tsaye, da farantansa, da tsaninsa, ko makaho ya shafa ya san ba masallaci ba ne. Wanda ya fassara bai yi ƙarya ba, na tambaya an ce mini kalmar tana ɗaukar duk dogon gini. Ni ne na tsaya a rabin hanya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na ɗaura wa ƙasar Rano da ta Kibiya shi.

Abin da ya fi wannan muni, na gane na yi shiru. Zama shida na yi a nan ina jin ana rantsuwa a kan hasumiya, kwamiti yana bayani ana cewa wayo ne, ni ina kallon ƙasa, don kada a ce Malam Ishiyaku mai karatu ya yi tuntuɓe. Magana zarar bunu ce. Ta bar Fammar ta je Madachi, ta je Rurum, ta dawo mini da ƙafa da hannu, har wani ya rantse mini cewa da idonsa ya ga inda aka rushe hasumiya. Ina neman gafarar Allah, ina neman taku.

Yanzu ga abin da nake roƙo, a taƙaice, don injiniya ya gaya mana a zaman da ya wuce cewa in watan nan ya mutu babu doka, ƙarafan da aka ware wa yankinmu za a ɗora su a mota a kai wata ƙasa. Saura kwana tara.

Na farko, a cire kalmar nan. A rubuta ƙarfen sabis, yadda tsohuwa da yaro suke kiransa. Doka ba don masu ƙamus ake yin ta ba, don mu ake yin ta, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, launi da fitila. Mun ɓata zama uku a kan wannan. Wasu sun ce kore, don ya dace da gona. Wasu sun ce kore launin wata jam'iyya ne. Aka ce shuɗi, aka ce shi ma da mai shi. An bayyana mana cewa ja da fari da fitilar nan don jirgin sama ake yin su, ya gani ya kauce. Direban jirgi ba ya zaɓe a mazaɓarmu. A bar su yadda suke. Abin da zan ƙara kawai, in fenti ya koɗe a sabunta, in fitila ta mutu a canja, kada a bar mana tsatsa a tsaye a kanmu.

Na uku, shawarar da wani ɗanmu ya kawo daga birni, cewa a yi wa ƙarfen siffar giginya, da ganyen roba, don kada ya ɓata kyan gari. Na gode masa, nufinsa alheri ne. Amma ɗana, mu nan giginya hawanta ake yi. Ka kafa wa mutanen Kibiya giginyar da ta fi kowace tsawo, sannan ka rubuta kada a hau? Ƙarfe ya fito a ƙarfensa, kowa ya san abin da yake gani. Ni dai na ga abin da ke faruwa in aka kira abu da sunan wani.

Na huɗu shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma shi ne ba mu ba isasshen lokaci ba. Tazara tsakaninsa da gidaje ta wuce tsawonsa, ta yadda ko iskar farkon damina ta kayar da shi, ƙasa zai samu ba ɗaki ba. Kada a kafa shi a maƙabarta, kada a kafa shi a kan burtali, don Ardon makiyaya ya yi wannan magana tun zama na biyu ba wanda ya rubuta. Injinsa ya kasance cikin ɗaki mai rage ƙara, kuma baƙin mai kada ya gangara rijiya ko fadama. A rubuta lambar wanda za a kira a jikin shingen, da Hausa, da boko da ajami.

Sai masu cewa bai kamata ya fi hasumiyar masallaci tsawo ba. Na kai wa limaminmu Malam Dalhatu wannan magana, ga shi nan zaune, in na ƙara ya gyara mini. Ya yi dariya ya ce, "Ishiyaku, rimin bakin kasuwa ya fi hasumiyarmu tsawo tun kafin a haife ka, ka taɓa jin ya rage wa wani ladan salla?" Ba ni da abin da zan ɗora a kai.

Ya shugaba, ya jama'a. Ba na roƙon a kafa sabon kwamiti. Ba na roƙon a ɗage zama. Mun sha ruwan leda, mun sha rana, mun sha surutu, mun koma gida hannu rabbana sau goma. Abin da nake so ƙarami ne: tsohuwa tana zaune a bakin gadonta, a kara mata waya a kunne, jaririya ta tsala kuka daga Rurum, ta ji. Ba ita kaɗai ba ce. A kowane gida a yankinmu akwai mai ciki, ko mara lafiya, ko wanda ɗansa ke Legas.

Saboda haka ina roƙon shugaba ya sa a kaɗa ƙuri'a yau, kafin la'asar, da waɗannan gyare-gyare. Ga hannuna na ɗaga, na amince. Ba zan sauke shi ba sai an ƙirga. Kafaɗar nan ta shekara sittin da takwas ce, kuma ta yi sharar gona a makon nan, don haka duk mai tausayina ya ɗaga nasa da wuri.

Addu'a da hannu biyu ake yin ta, amma yau ku karɓa mini da ɗaya, ɗayan yana bakin aiki. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Alhaji, a fara ƙirga daga nan. Na gode.