Lamba Goma Sha Bakwai

Zakiya na kasa turaren wuta a tsohon garin Jidda, sai ga ayarin 'yan yawon buɗe ido daga jirgin ruwa, suna bin wani mai ɗaga tuta. Wata hajiya da aka manna wa lamba 17 a ƙirji ta ji ta tana Hausa, ta tsaya.

"Ikon Allah! Baiwar Allah, 'yar ina ce ke?"

"'Yar Ruwais. Nan aka haifi kakata ma."

"Kai, kuna ban tausayi. An ce kafili ke riƙe muku fasfo, ba ku motsi sai da izininsa. Ni kam ba zan iya wannan bautar ba. Ƙasa biyar na zaga a wannan tafiyar."

Zakiya ta gyara zama. "Masha Allah. To Hajiya, naki fasfon yana ina?"

"Yana wurin masu jirgi."

"Makka fa, ga ta nan kusa. Kin leƙa?"

"Ba ta cikin tsarinmu. Awa shida aka ba mu."

"Zauna mana ki sha shayi."

"Ina! An hana mu barin layi. Ƙarfe biyar in ban koma ba, tafiya za su yi su bar ni."

Can gaba mai tuta ya ɗaga murya yana neman lamba goma sha bakwai. Hajiya ta zabura tana tattare gyale.

"Maza, yi sauri," in ji Zakiya. "Kafilinki na kira. Nawa dai ya san sunana."