Ado Zuwa Jana'izar Enid

A tashar bas ta garin Ely, Winifred tana zaune cikin jar riga mai ƙyalƙyali da hula mai gashin ɗawisu. Ta juya ga wani dattijo mai baƙin kwat.

"Bawan Allah, ka san ma'anar bedizen?"

"Tsohon Turanci ne. Mutum ya caɓa ado har ya zama abin kallo."

"Ba baƙaƙen kaya ake nufi ba?"

"Ko kusa."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Jana'izar ƙawata zan je. 'Yarta ta ce wasiyyarta ke nan, a yi shigar da wannan kalmar ke nufi. Kunya ta hana ni tambaya, sai na yi cinta kawai."

"Enid ce, ko?" Ya ɓalle maɓallan kwat ɗinsa, sai ga falmaran ruwan ɗorawa mai manyan furanni. "A bakina ta fara jin kalmar. Da ita na zolaye ta wajen rawa muna samari da 'yan mata. Ta yi fushi, ta auri Harold."

"Ashe kai ne Cyril, wanda ta ce bakinsa ya ja masa."

"Haka kawai ta ce?"

"Ta ce kuma ta daɗe da yafe maka, girman kai ne ya hana ta faɗa."

Dattijon ya tuɓe kwat ɗin, ya rataya a hannu.

"Ga motarmu nan. Ki zauna kusa da ni, akwai sauran tambayoyi."