Ledar Magungunan Baba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Fagge, kuma wallahi na gaji.

Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon suga. Da likita ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa, sai 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Amininsa ya sayo ƙwayoyin ƙarin lafiya a wani kemis a Sabon Gari, wai suna wanke jini su kare ƙoda. Gwaggo, yayarsa, ta kawo wasu. Maƙwabciyarmu Mama Ngozi ma ta kawo nata da zuciya ɗaya. Baba kuwa ba ya mayar da hannun kyauta baya. A gaban mai kawowa yake haɗiya, kada a ce ya raina. Da ƙwayoyin suka yi masa yawa, sai ya ajiye na asibiti.

Ƙafafunsa suka kumbura. Likita ya ce in kawo duk abin da yake sha, na kai masa leda cike. Ya girgiza kai ya ce, "Na suga da na hawan jinin da ya bari, su ne garkuwar ƙodarsa, ba waɗannan ba."

Jiya Gwaggo ta dawo da sabuwar kwalba. Na ce likita ya hana, ta ce, "Ke kin fi ni son ƙanena ne?"

Masu sauraro, yaya zan hana manya ba tare da an ce ba ni da kunya ba? Masu zuwa dubiya kuma, don Allah ku kawo addu'a kawai. Ita ba sai ƙoda ta tace ta ba.