Bindigar Toka a Gonar Marayu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga wajen Makoda nake rubutowa.

Maigidana tsohon soja ne. Tun dawowarsa ko zaure ba ya fita, sai da wata ƙungiya mai taimakon irinsu ta sa shi cikin masu nome gonakin marayu kyauta.

Ranar gayya wani maharbi ya buga bindigar toka don murna. Maigidan ya faɗa kwarin kunya, ya auna ƙaninsa da garma yana ihu, "Kowa ya kwanta!" Ban gani da idona ba, ƙanin ne ya gaya min.

Asabar ƙungiyar za ta zo ɗaukar maigidan zuwa wata gayyar. Ya ce, "Yadda kika ce, haka zan yi." Ina tsoron ya illata wani, ina kuma tsoron ya koma ƙuryar ɗaki. Jama'a, don Allah me zan ce masa?