Fasfon Kaka Jarmila

A ɗakin jira na ofishin jakadancin Biyetnam da ke Prag, babban birnin ƙasar Czech, wani dattijo ɗan Biyetnam ya leƙa hannun budurwar da ke gefensa.

"'Yata, fasfo biyu? Har da na maigida?"

"Na kakata ne, Kawu. Takardar shiga gida ba biza nake nema mana."

Ya karanta sunan da ke jikin fasfon. "Jarmila? Ai wannan Baturiya ce."

"Ita ta raine ni. Iyayena suna kasuwa tun asuba, a hannunta na yi haƙori. So take ta ga ƙauyenmu kafin ƙafa ta gaza."

"Ba za su ba ta ba. Daga mu 'yan asalin Biyetnam sai mata ko miji sai 'ya'ya. Mai raino ba dangi ba ce."

"A wurinku dai."

Dattijon ya sake duban fasfon.

"Mu ma wata mai raino muka bar wa ɗanmu. Ranar da ta rasu, ya yi kukan da ban ga alamar zai yi mini ba. Na ji haushi sosai."

"Yanzu fa?"

"Nema mata biza kawai, ki kai ta. Tamu, hotonta na nan kusa da na mahaifiyata. Kowace safiya turare biyu nake kunnawa a gabansu, yadda muke yi wa iyayenmu da suka rasu."