Tarin da Aka Ɗora wa Kogo

A ɗakin jiran likitan yara da ke Wendover a Amurka, wata dattijuwa 'yar Nijar ta leƙa jaririyar da ke hannun matar kusa da ita.

"Subhanallahi! 'Yata, wannan tarin daga ina?"

"Hutu muka je Turkiyya, Hajiya. A otal muka sauka, wanda aka sassaƙa cikin kogon dutse."

"Kogo? Jaririyar wata biyu kika kwantar a gidan aljanu? Ina uwarki take, ba ta hana ki ba?"

"Ai saboda ita muka je. Sau uku ana hana ta bizar Amurka. Daga Kano ta taso ta same mu can, ta ga jikarta."

"To, ta gan ta?"

"Kwana biyar tana goye da ita. Ko tari ya sarƙe ta ba ta yarda ta sauke ta."

Dattijuwar ta ɗago ta dube ta.

"Ita tsohuwar ce ke tarin?"

"Tun azumi, ashe. Ta ɓoye mana don kar mu fasa tafiyar."

"Mijinki ya sani?"

"Shi ma kogon yake zagi, Hajiya. Ki taya shi."